Khalanjin tsaunukan Asir: a tukunya za a tsare shi, ko a kan dutsensa?

Injiniya Bashir, Abha:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina so in kawo wata magana da ta shafi ƙasar da muke zaune a cikinta. A tsaunukan Asir, a wurare irin su Sauda, inda tudu ya kai kimanin mita 3,000 kuma hazo mai laima yake kwana a kan itatuwan ar'ar, akwai wata ƙaramar bishiya da Larabawa suke kira khalanj, masana tsirrai kuma suke kira Erica arborea. Ganyenta ƙanana ne, sirara, masu tsini, kuma kore shar suke duk shekara. Furenta fari ne, ƙanƙane, mai siffar ƙararrawa, yana fitowa a cunkushe har ya lulluɓe reshe, kuma yana da ƙamshi. A duniya ba ta yi ƙaranci ba, domin tana nan a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, da tsaunukan Habasha, da dutsen Emi Kusi na Chadi. Amma a nan Jazirar Larabawa ba ta samun wurin zama sai a ƙololuwar tsaunukan kudu maso yamma, tsakanin Asir da Yaman, wato a wani siririn yanki mai sanyi wanda hanyoyin mota da gidajen shaƙatawa da awaki suke ƙara matse shi. Tambayata ita ce: idan ana so a tsare irin wannan tsiro, ya wadatar a raine shi a lambu, ko kuwa dole sai an tsare ƙasar da yake fitowa?

Alhaji Mamman, Jidda:
Wa alaikumus salam. Injiniya, Allah ya yi maka albarka, amma zan faɗi abin da ke raina. Bishiyar da ba a cin 'ya'yanta, ba ta ba da inuwar kirki, ba a kuma san ta a kasuwa ba, mene ne dalilin da za a kashe mata kuɗi, har a hana makiyayi kiwo saboda ita? Ga 'yan'uwanmu a Sudan yaƙi ya raba su da gonakinsu, ga tsadar haya ta ishi mutane a nan. Ni a ganina, idan ana tsoron kada ta ɓace, a ɗebi guda goma a dasa a lambun hukuma, a sa mai ban ruwa, magana ta ƙare.

Haruna, Ɗa'if:
Ni ma na karkata ga ra'ayin Baba Alhaji, kuma aikina ke nan, domin a mashtal nake aiki, wato gidan rainon dashen tsirrai. Wardin Ɗa'if da ake tatsar turarensa ba da ƙwaya ake yaɗa shi ba, reshe ake yanka a dasa, kuma an daɗe ana yin haka bai ɓace ba. Idan Injiniya zai samo mini 'yan rassa, zan kafa su a tukwane, in raba wa duk mai so, har na Jidda da Makka.

Sadiya, Jidda:
Ina neman izinin iyayena in sa baki, domin abin da nake karantawa ke nan a jami'a. Yaya Haruna, wardi tsiron gona ne, tun asali a hannun ɗan Adam yake rayuwa, shi kuwa khalanj ɗan daji ne, kuma akwai wani ɗan'uwansa da aka gwada masa wannan shawara taku, ba da gangan ba, sakamakon kuma yana nan a rubuce.

Jinsin Erica yana da nau'i fiye da 800, kuma kusan 700 daga cikinsu a Afirka ta Kudu suke, musamman yankin Kef. Ɗaya daga cikinsu shi ne Erica verticillata, wanda tsawonsa yakan kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, furensa ruwan hoda, dogo mai rami a ciki, yana fitowa da'ira-da'ira a jikin reshe daga Janairu zuwa Maris, lokacin zafin wancan yanki. Ba ya fitowa ko'ina a duniya sai a wata fadama mai yashi da ke gefen birnin Kef Tawun. Da birni ya faɗaɗa, aka mayar da fadamar gonaki da unguwanni, masu sayar da furanni kuma suna yankarsa suna kai wa kasuwa. Samfurin ƙarshe da aka ɗauko daga daji an ɗauko shi ne a 1908, daga nan aka ɗauka ya tafi ke nan.

A 1984 sai aka gano shi yana raye a wani lambun shaƙatawa a Firitoriya, nesa ƙwarai da mahaifarsa. A 1990 wani shugaban leburori a lambun tsirrai na Kirstenbosch da ke Kef Tawun, mai suna Adonis Adonis, ya ci karo da wani gindin a cikin lambun. Daga baya kuma aka tarar da shi a lambun fadar Belvedere da ke Biyana ta ƙasar Ostiriya, kuma ana danganta asalinsa da wasu masu lambu biyu, Franz Boos da Georg Scholl, waɗanda Sarki Yusufu na Biyu mai mulkin Ostiriya ya aika Kef a 1786 su tattaro tsirrai. Wato kusan shekara 200 masu lambu suna yankar reshe suna dasawa, wani ya mutu wani ya gada, ba tare da sun san cewa abin da ke hannunsu ya ƙare a ƙasarsa ba.

Alhaji Mamman, Jidda:
To, 'yata, ai kin kawo mini hujja ne. Lambu ne ya cece shi, ba daji ba.

Sadiya, Jidda:
Baba, lambu ya hana shi ɓacewa, wannan gaskiya ne, kuma ban raina aikin masu lambun ba. Amma duk reshen da aka yanka daga uwa ɗaya, ko an yi tukunya dubu, a haƙiƙa tsiro ɗaya ne, gadonsa ɗaya, cutar da ta kashe ɗaya za ta iya kashe sauran. Bayan haka, wannan tsiro ba ya ba da ƙwaya ta kirki idan ƙurar furensa ce ta koma kansa. Sai da aka haɗa na Firitoriya da na Kirstenbosch a wuri ɗaya, tsuntsaye masu dogon baki irin sha-kauci suka riƙa shan zaƙin fure suna ɗaukar ƙura daga wannan zuwa wancan, sannan aka samu iri mai tsira. An fara mayar da shi daji a gandun Rondevlei da ke Kef Tawun a 1994, daga baya kuma a Tokai da tsakiyar filin sukuwar dawaki na Kenilworth. Wannan na ƙarshe ya kamata a lura da shi: abin da ya sa aka samu inda za a dasa shi a can, shi ne tsakiyar filin sukuwa wuri ne da ba a taɓa nomawa ba, ba a kuma yi gini a kai ba. Da babu irin waɗannan 'yan guntayen filaye da suka tsira, da har yau yana cikin tukunya. Kuma duk da wannan wahala, a jerin tsirran da ke cikin haɗari na Afirka ta Kudu matsayin da aka ba shi shi ne wanda ya ƙare a daji, domin ba a ƙirga tsiro ya dawo sai ya haifi 'ya'ya da jikoki da kansa, ba da hannun mai lambu ba.

Hajiya Rabi, Makka:
Sadiya, Allah ya ƙara basira. Ina da tambaya a kan maganar tukunya. Me zai hana mu da ke Makka mu raini na Asir ɗin a cikin gida, tunda muna rainon na'ana'a da raihani suna yi?

Injiniya Bashir, Abha:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ba zai yi ba, kuma dalilin a cikin ƙasa yake. Idan aka tone gindin tsirran wannan dangi, za a ga saiwoyinsu na ƙarshe sirara ne ƙwarai, da kyar ido yake rarrabe su, kuma suna rayuwa ne tare da wata irin funfuna ta cikin ƙasa, wadda take shiga cikin saiwar, tana narka ruɓaɓɓen ganye tana ba tsiron abinci, shi kuma yana ba ta sukari. Da wannan haɗin gwiwa ne suke iya zama a ƙasa maras taki, mai ɗan tsami, inda wasu tsirran ba sa iyawa. Idan aka zuba musu takin zamani da yawa, ko ruwa mai gishiri, saiwar takan ƙone. Ga kuma zafi. Khalanjin Asir ya saba da sanyin dare da raɓar da hazo yake saukewa idan iska ta taso daga Bahar Maliya ta haye Tihama ta bugi dutse. Da hantsi idan mutum ya tsaya a ƙarƙashin ar'ar a can sama, yakan ga ruwa yana ɗiga daga jikin gansakukar da ke rataye a rassan, alhali ba a yi ruwan sama ba. Makka da Jidda ba su da wannan. Ɗa'if tana da tudu da sanyi, don haka Haruna zai iya gwadawa, amma ba ta hanyar da ya nema ba, domin dokar muhalli ta hana a sari ko a tumɓuki tsirran daji ba da izini ba, kuma akwai tara. Ni ba zan yanko masa ko reshe ɗaya ba.

Haruna, Ɗa'if:
Na ji, Injiniya, kuma na janye roƙon. Amma ka bar ni da ra'ayina cewa mashtal yana da nasa rabon a aikin.

Adamu, Riyad:
Yana da shi, Haruna, kuma ni da na fito daga Kasala zan iya ba da shaida ta ɓangare biyu. Na farko, a Wad Madani akwai ma'ajiyar irin shuka ta ƙasar Sudan, inda aka tara dubban samfurori na dawa da gero da riɗi da sauransu daga hannun manoma. Da yaƙi ya isa garin a Disambar 2023, ma'ajiyar ta yi mummunar asara. Abin da ya rage wa masu aikin na kwanciyar hankali shi ne an riga an kai kwafin wani kaso zuwa rumbun iri na Svalbard da ke cikin dutsen ƙanƙara a Nowe, wanda aka buɗe a 2008, kuma a Fabrairun 2025 an sake kai wani. Don haka wanda ya ce ajiyar waje ba ta da amfani bai ga yaƙi ba.

Na biyu kuma, ina so Baba Alhaji ya duba abin da miskit, wata bishiya mai ƙaya, ya yi mana. An shigo da shi Sudan a 1917 da kyakkyawar niyya, don ya tsayar da yashi ya ba da itace. Yau a yankin Gash da Tokar ya cinye gonaki da bakin magudanan ruwa, ƙayarsa tana huda tayar mota da kofaton dabba, kuma inda ya yi duhu ba abin da ke fitowa a ƙarƙashinsa. A 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi, har yanzu yana nan. Tsirran ƙasar da ya kora ba wanda ya damu da su lokacin da suke nan, domin su ma an ɗauke su marasa amfani, sai da makiyaya suka rasa abin da dabba za ta ci da rani.

Sadiya, Jidda:
Yaya Adamu, irin wannan ne ya faru a Kef. A ƙarni na 19 aka dasa wasu itatuwa dangin gabaruwa daga Ostireliya don su riƙe yashi, suka bazu suka shaƙe tsirran asali, kuma babban aikin da ake yi kafin a mayar da Erica wani wuri shi ne sare su, a kuma ci gaba da cire 'ya'yansu shekara da shekaru.

Malam Usman, Madina:
Bismillah. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina so in amsa wa Alhaji Mamman, domin tambayarsa ita ce mai nauyi, bai kuma kamata a wuce ta da labarin Turai ba. Alhaji ya ce tsiron ba shi da amfani, kuma kada a hana makiyayi. Game da na farko, mu da muke zaune a Makka da Madina mun fi kowa sanin cewa shari'a ba ta rataya kare tsiro a kan amfaninsa ba. Ranar da aka buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a sari itacen Harami ko a yanki ciyawarsa, bai ware mai 'ya'ya daga maras 'ya'ya ba, har ƙaya ta shiga cikin hanin. Sai Abbas ya roƙa a togace izkhir, wata irin ciyawa, saboda maƙera da gidaje suna bukatarsa, aka togace masa. Hukuncin Harami na Harami ne, ba za mu ɗauke shi mu ɗora wa Asir ba, amma ya nuna tsari: asali a bar tsiro, sannan a buɗe ƙofa gwargwadon bukatar mutane.

Game da makiyayi kuwa, akwai hima, wato hurumin da shugaba yake keɓewa don maslahar jama'a. Annabi ya keɓe Naƙi'i saboda dawakan Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Abin da ya kamata Alhaji ya ji shi ne umarnin da Umar ya ba mai tsaron hurumin: ya ce ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tsare dabbobin Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da dabino da gona da za su koma gare su, shi kuwa talaka zai zo da iyalinsa ne yana kuka. Ashe tun farko hurumi ba a kan talaka aka kafa shi ba. Kuma ƙabilun tsaunukan nan, daga Ɗa'if zuwa Baha zuwa Asir, sun riƙe wannan tsari ƙarni da yawa: akwai hurumin da ake hana kiwo sai a yanki ciyawa da hannu, akwai wanda ake rufewa har furanni su gama saboda ƙudan zuma, akwai wanda ake hana saran itace kawai.

Alhaji Mamman, Jidda:
Malam, Allah ya saka da alheri. Maganar Umar ta shige ni. Amma a zamaninmu na ga yadda ake yi a wasu ƙasashe, har da tamu ta gida: a zagaye daji da waya, a kori mai akuya, bayan shekara biyu sai ka ga an ba mai kuɗi ya gina masauki a wurin. Wannan ne tsorona, ba bishiyar nake ƙi ba.

Injiniya Bashir, Abha:
Tsoronka yana kan hanya, Baba, kuma zan ƙara da cewa waya kaɗai ma ba ta tsare khalanj. Akwai bambanci tsakanin namu da na Kef wanda ya kamata a sani. Na Kef wuta tana kashe shi ƙurmus, amma ƙwayarsa da ke cikin ƙasa ba ta tsira sosai sai wuta ta wuce, ta share fili, hayaƙi ya taɓa ta. Shi ya sa masu kula da gandun can suke cinna wuta da gangan bayan shekaru, kuma masana a Kirstenbosch suka riƙa jiƙa iri da ruwan hayaƙi kafin shuka. Namu kuwa yana da wani dunƙulallen kututture a gindinsa, rabinsa a cikin ƙasa, wanda idan wuta ta cinye sama ko aka sare shi, daga nan yake sake tohowa. Kututturen nan yana da tauri kuma ba ya saurin cin wuta, shi ne ma ake sassaƙa lofen taba da shi a Faransa da Italiya. A tsaunukan Bale na Habasha makiyaya sukan ƙone dajin khalanj don sabon toho ya fito, kuma yana dawowa muddin an ba shi shekarun hutu. Ma'ana, tsohon gindi yana jure sara da kiwo na lokaci-lokaci. Abin da ba ya jurewa abu biyu ne: katafila ta tumɓuke kututturen, ko awaki su riƙa cinye ƙananan da suka tsiro kowace shekara ba hutu. A wuri irin wannan mutum zai ga manyan gindi tsaye da furanninsu ya ɗauka lafiya lau, alhali idan ya durƙusa ya duba ƙasa ba zai ga ƙarami ko ɗaya ba. Don haka tsarin da Malam ya bayyana, a rufe wani sashe na wasu shekaru sannan a buɗe, a koma wani, ya fi dacewa da shi a kan a kori kowa har abada.

Hajiya Rabi, Makka:
To yanzu akwai wurin da aka keɓe masa a can?

Injiniya Bashir, Abha:
Akwai wuraren da aka keɓe wa dajin tsaunin gaba ɗaya, Hajiya. An kafa gandun ƙasa na Asir a 1981, akwai kuma gandun Raida kusa da Abha, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 9, a kan gangaren dutse mai dajin ar'ar, a ƙarƙashin hukumar kula da namun daji. Ƙasar nan ta san wannan aiki a kan dabba: mariri ya ƙare a daji a 1972, aka raine shi a gidajen namun daji, aka dawo da shi gandun Mahazat as-Said a 1990 da na Uruƙ Bani Ma'arid a 1995, kuma abin da ya sa ya zauna shi ne an tanadar masa fili. Damuwata a kan tsiro ita ce, shirin dasa itatuwa biliyan 10 da aka sanar a 2021 abu ne mai kyau, amma ƙidayar dashe ba ta nuna ko wane iri aka dasa ba, kuma itacen da yake saurin girma a mashtal shi ne ɗan kwangila zai fi so. Khalanj ba ya cikin masu saurin. Ga shi kuma ar'ar ɗin da yake zaune tare da shi yana bushewa daga sama a wurare da dama, musamman a gangaren da ya fi ƙasa, kuma tsiron da ya riga ya kai ƙololuwar dutse ba shi da inda zai ƙara hawa idan zafi ya ƙaru.

Adamu, Riyad:
Injiniya, a nan ne nake ganin Haruna yana da gaskiya fiye da yadda aka ba shi. Idan dutsen ya ƙare masa, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: kada a jira irin sa'ar da mutanen Kef suka yi da lambun Biyana. A tattara ƙwayarsa tun yanzu, daga gindi masu yawa a duwatsu daban-daban, ba daga ɗaya ba, a rubuta inda aka ɗebo kowanne, a ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Haruna, Ɗa'if:
Wannan zan iya sa hannu a ciki. Mai mashtal ɗinmu yana da lasisi, kuma zan tambaye shi ko zai nemi izinin karɓar iri daga cibiyar da ke kula da tsirrai da yaƙi da hamada. Sai dai ina bukatar sanin yadda ake shuka shi, domin na ji an ce ƙwayar dangin nan ƙanana ce.

Sadiya, Jidda:
Ƙanana ce ƙwarai, Yaya Haruna, don haka ba a binne ta. Ana barbaɗa ta ne a saman yashi mai laushi da aka gauraya da ruɓaɓɓen ganye, a danna kaɗan, a riƙa fesa ruwa maimakon zubawa, a ajiye a inuwa mai haske. Ka yi amfani da ruwan sama idan ka samu, kada ka sa takin kaji ko na zamani, kuma kada ka bari tukunyar ta bushe ko sau ɗaya a watannin farko, domin saiwar idan ta bushe ba ta farfaɗowa.

Alhaji Mamman, Jidda:
Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan abu ɗaya. Kafin a rufe kowane dutse, a fara zama da masu awakin da ke kiwo a wurin, a gaya musu shekara nawa za a rufe da inda za su koma, a kuma ɗauki 'ya'yansu aikin tsaron. Injiniya, idan ka hau Sauda lokacin da yake fure, ka ɗauko mana hotonsa, har da gindin, domin ina so in ga kututturen da kake magana.